Fansho da sandika: me ya sa kukan ƴan ritaya kullum yana ƙasan takarda?

Duk ranar 1 ga watan Mayu in an gama fareti a nan Damagaram, shugabannin sandika, wato ƙungiyoyin ƙwadago, sukan miƙa wa hukuma takardar koke-koke, kuma in ka samu ka karanta da wuya ka rasa maganar ƴan ritaya a ciki, amma fa tana can ƙasa, bayan maganar firim (kuɗin ƙari a kan albashi) da ƙarin girma da matirkil (lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati) na ƴan kwantaragi da tsadar rayuwa. Tsofaffi a majalisar hira suna cewa rashin imani ne na yaran yanzu. Ni ban ɗauke shi haka ba gaba ɗaya, abin ya fi haka zurfi, yadda aka gina sandika da yadda aka gina fansho su ne suka sa mai ritaya ya zama ɗan rakiya a teburin tattaunawa.

Sandika makaminta na gaske guda ne, yajin aiki. Mushen lekol in ya ajiye alli kwana biyu iyaye sun fara surutu, gidajen rediyo sun ɗauka, minista ya kira zama. Ma'aikacin lafiya in ya ce sai na gaggawa kaɗai zai duba, kowa ya ji a jikinsa. Ɗan duwan ko mai karɓar haraji kuwa ba a ma bari ya kai ga yajin, tunda kuɗin gwamnati ne zai tsaya. To tsohon da ya riga ya miƙa makullin biro me zai ajiye? Ba shi da abin da zai hana kowa. Ga shi yawanci ya daina biyan kuɗin ƙungiya, kuma in ana auna ƙarfin manyan ƙungiyoyi, kamar zaɓen ma'aikata na 2019 inda babbar ƙungiyar ƙwadago ta CDTN ta zo kan gaba, masu aiki ake ƙirgawa. Sakataren da ke son ya riƙe kujerarsa dole ya fara faranta ran mai ƙuri'a. Ƙungiyoyin ƴan ritaya suna nan, suna taro suna rubuta wasiƙa suna zuwa gaishe da hukuma, amma roƙo suke, kuma mai roƙo sai ranar da aka ga dama.

Kafin a ci gaba ya kamata a raba abu biyu da mutane ke haɗawa, don a Nijar fansho ba gida ɗaya ba ne. Ma'aikacin gwamnati mai matirkil yana ƙarƙashin asusun fansho na ƙasa, wato FNR, tsari ne da ya samo asali tun 1961, daga baya da dokar 2012 aka kafa CARENI don ta riƙa kula da fanshon waɗannan ma'aikata. Ana cire masa kashi 6 cikin 100 na tushen albashinsa, gwamnati ta zuba 14. Shi kuma ma'aikacin kamfani, ko na banki, ko na ONG, ko direban da aka yi wa rajista, nasa gidan CNSS ne, kes ɗin (asusun) kula da ma'aikata da aka kafa a 1965 aka buɗe reshen fansho a 1967. A can ma'aikaci na biyan 5,25 cikin 100, patoro ya biya 6,25, kuma sai mutum ya cika shekara 60 da wata 180 na zubi, wato shekara 15, kafin ya samu fansho na dindindin. Wanda bai cika ba kuɗi ake ba shi dunƙule sau ɗaya, shi ke nan an rabu. Saboda haka in ka ji wani a rediyo yana cewa "a gyara fansho" ka tambaye shi wanne, don matsalar mushen da ya yi ritaya a Birni daban, ta tsohon direban kamfani da ke Garin Malam daban.

Abin da suka yi tarayya a kai shi ne kuɗin da aka cire maka ba ajiye maka shi ake a wani akwati da sunanka ba. Kamar adashi ne, zubin da masu aiki suka yi wannan watan shi ake kwashewa a ba tsofaffin yau, kai kuma ranar kwasarka sai in akwai masu zubi a bayanka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar ɗaukar matasa aiki da maganar fansho magana ɗaya ce, ko da yake a takardar koke layi daban-daban ake sa su.

Yanzu ga inda ni nake ganin sandika ke yi wa kanta illa ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta kau da kai. Ɗauko bilten na albashin kowane ma'aikacin gwamnati ka duba. Akwai tushen albashi wanda ake lissafawa da indis, wato lambar matsayin ma'aikaci, sannan akwai su firim da andamnite, na gida, na alli, na haɗari, na muƙami da sauransu. Fansho da tushen kaɗai ake lissafa shi, kashi 2 cikin 100 a kan kowace shekarar aiki, iyakarsa 80. Mu ɗauki misali, lambobin nawa ne don a gane: mutum tushensa jika 150 (jika ɗaya sefa dubu ce), firim-firim ɗinsa jika 70, wata ya ƙare yana ganin jika 220 kafin cire-cire, da haka ya saba, da haka ya yi aure na biyu, da haka ya sa yara lekol mai kuɗi. Ya yi shekara 30 ya ajiye aiki. Kashi 60 na jika 150, jika 90 ke nan. Jika 70 ɗin can ta tafi ranar da ya bar biro, ko dala ba ta biyo shi ba. Daga 220 zuwa 90 cikin wata guda, kuma bakunan da yake ciyarwa ba su ragu ba, sau da yawa ma ƙaruwa suke don lokacin ne jikoki ke zuwa, ga ɗiyar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ga ɗan da ya gama jami'ar André Salifou yana zaune a fada yana jiran konkur.

To in aka shiga tattaunawa da gwamnati me ake fitowa da shi yawanci? Firim. Dalili a fili yake. A ce an samo ƙarin jika 20. In aka sa ta a firim, ma'aikaci ya gan ta kusan cif a aljihu, gwamnati kuma ba ta zuba komai a kanta a asusun fansho, kowa ya tashi yana murna, sakatare ya fito gaban kamara ya ce an yi nasara kamarad. In aka sa ta a tushe, za a cire wa ma'aikaci jika 1 da 200 nasa na kashi 6, gwamnati ta ƙara jika 2 da 800 nata na kashi 14, sannan ta ɗauki nauyin biyan mutumin nan ƙarin jika 12 kowane wata har ya koma ga Allah in shekara 30 ya yi, bayansa iyalinsa su ci gaba da karɓar rabonsu. Ministan kuɗi ya san wannan lissafin sarai, shi ya sa hannunsa ya fi saurin sakin firim. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ɗan shekara 35 da ke tafi a zauren taro, bai san fanshonsa ne aka sayar a gabansa ba. Wallahi duk sandikar da ta yi shekaru tana tara firim ta bar indis a kwance, ita ce ta rubuta talaucin mambobinta na gobe, ko da niyyarta mai kyau ce.

Sai maganar ƴan kwantaragi, wadda a jihar nan ba sai an yi wa kowa bayani ba, kusan kowane gida akwai ɗaya. Tun wajen 1998 aka fara ɗaukar malamai ƴan sa kai, daga baya aka koma kiran su ƴan kwantaragi, ana biyan su pekil, wato ɗan alawus, maimakon albashi. Ka je ƙauyukan Magaria ko Tanut ko Gure, su ne suka riƙe azuzuwa. Mutum zai yi shekaru yana koyarwa a rumfar zana kafin matirkil ya fito, wani sai ya kai 42. To tunda a 2023 aka ɗaga shekarun ritaya na ma'aikatan gwamnati daga 60 zuwa 62, shekara 20 ke nan zai yi da matirkil, kashi 40 na tushe, in ba a ƙirga masa shekarun kwantaragin ba. Yau ba a jin kukan sosai don yawancinsu ba su kai ba tukuna, amma suna tafe, kuma da yawa za su zo lokaci guda. Sannan duk shekarun da suka yi ba sa zubi a FNR, asusun ma ya yi asarar masu zubi. Sandikokin ƴan kwantaragi irin su SYNACEB sun fi buga gangar pekil a kan lokaci da matirkil, kuma suna da gaskiya, mai jin yunwa yau ba ka ce masa ya yi tunanin shekara 62 ba, amma maganar a ƙirga shekarun baya ya kamata ta hau sama a takarda tun yanzu.

Ba wai sandika ba ta taɓa cin nasara a wannan fage ba. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 sun san abin da suka gani. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta USTN ce ta tsaya tare da ɗalibai har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991, amma bayan nan sai ga bashin albashi wata da watanni, ga karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994 da aka raba ta biyu dare ɗaya, ga tsarin tsuke bakin aljihu na su Bankin Duniya da asusun ba da lamuni na duniya FMI da ya hana ɗaukar sabbin ma'aikata. A ƙarshen shekarun nan aka zo da dokar da ke tura mutum ritaya da zarar ya cika shekara 30 yana aiki ko da ƙarfinsa, wanda ya fito makarantar horon malamai yana ɗan 20 sai ka gan shi a gida yana da 50. Ƙungiyoyin ƙwadago, har da CDTN da ta ɓalle daga USTN a 2001, sun yi ta faɗa da dokar nan har aka janye ta a zamanin Tandja, zamanin da aka biya wani ɓangare na bashin albashi da filaye. Amma ka lura da kyau, wannan yaƙin an ci shi ne don masu aiki ne abin ya shafa, su ne ake shirin korowa gida, suna da yajin aiki a hannu. Wanda ya riga ya fita kafin a janye dokar, da yawansu haka suka ci gaba da ɗan abin da aka yanka musu.

A ɓangaren CNSS kuwa ciwon wani iri ne. Doka ta ce mafi ƙarancin fansho shi ne kashi 60 na mafi ƙarancin albashi. Shekara da shekaru tun 2012 mafi ƙarancin albashin nan yana sefa 30.047, wato fanshon ƙasa bai fi jika 18 da ƴan kai ba a wata. Daga Janairu 2024 aka kai shi 42.000, in ka bi lissafin jika 25 da 200 ke nan. Kai da ke zuwa kasuwar Dole ka san abin da jika 25 za ta saya, ka cire kuɗin ga-ruwa lokacin zafi in fanfo ya ɗauke a garin nan, ka cire kuran, ka ga saura. Amma wanda ya samu wannan ɗin ma ya gode Allah, don babbar masifar ita ce patoron da ke cire kashi 5,25 a albashi bai kai kes ba, ko ya yi maka rajista da rabin albashinka, ko bai yi ba sam. Na san wani tsohon direba, shekarunsa na aiki sun haura 15 nesa ba kusa ba, da ya je neman haƙƙinsa aka buɗe takardu sai aka ga watannin da aka zuba masa ba su kai 180 ba, kamfanin kuma ya daɗe da rufewa, mai shi ya rasu. Na ce masa Baba ba ka taɓa zuwa ka duba ba? Ya ce yaro, wa ya gaya mini ana dubawa, ni dai ina ganin ana cirewa a takarda. Irin wannan aikin delege ne na ma'aikata, ya riƙa tura mutane suna karɓo takardar zubinsu tun suna kan aiki, ba sai an yi yaji ba, ba sai an je Yamai ba. Kuma a tuna, a majalisar gudanarwar CNSS wakilan ma'aikata suna da kujeru tare da na patorori da na gwamnati, saboda haka ba za su ce ba su da bakin magana ba.

Maganar dosiye ita ma wani babi ce. Ranar da aka tsayar da albashi da ranar da fansho na farko zai faɗo ba rana ɗaya ba ce, tsakaninsu akwai rami, kuma a cikin ramin nan ne mutum ke cin bashin da zai bi shi shekaru. Takardar fara aiki, arete na kowane ƙarin girma, takardar haihuwa ta kowane yaro, takardar aure, in guda ta ɓace ko an rubuta sunanka Mahaman a nan Mamane a can, sai ka koma jastis. Manyan sa hannu kuma a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan, dattijo mai ciwon baya ya kwana a kar, ya sauka gidan wani ɗan'uwa yana jin nauyi, a ce masa ya dawo mako mai zuwa. Wanda ke Tasker ko Belbeji shi sai ya fara isowa Damagaram ma tukuna. Ga takardar shaidar rai da ake nema lokaci-lokaci, wadda ba laifi ba ce don akwai masu cin kuɗin matattu, amma ga wanda ke kwance hawa kabu-kabu zuwa meri ba ƙaramin abu ba ne. Tunda hukuma ta san ranar ritayar kowa tun ranar da ta ɗauke shi aiki, ban ga abin da zai hana a fara haɗa dosiye shekara guda kafin lokacin ba.

Waɗanda ba a cika jin muryarsu ba sam su ne matan da aka mutu aka bari. A tsarin CNSS rabin fanshon mamaci ake ba matarsa, in mata biyu ne ko uku rabin nan za su raba daidai, marayu kuma da nasu kason. A ce fanshon Malam jika 60 ne, mata uku, kowace jika 10. Kuma kafin a kai ga jika 10 ɗin sai an kawo takardar aure, alhali auren da yawa a masallaci ko a zaure aka ɗaura shi da goro da shaidu, ba wanda ya je meri. Hajiya tana cikin takaba, ba ta yi lekol ba, ƙanen miji ya kwashe takardu ya ce zai bi, daga nan sai labari. Nan kam ban ga sandikar da ta ɗauki abin da zafi yadda ya kamata ba, wataƙila don zaurukan taron maza suka fi yawa a ciki.

Lafiya kuma ita ce ke cinye ɗan abin da ya rage. CNSS rassa uku gare ta, kuɗin iyali, haɗarin aiki, da fansho, ba ta da reshen inshorar rashin lafiya irin wanda zai biya maka ordonas, sai dai ɗakunan shan magani da take da su. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da aka yi a 2024 ya taimaka, ba a musu, amma mai tansiyo da ciwon suga kuɗinsa a farmasi yake tafiya kowane wata ba fashi.

Shi ya sa maganar biyan fansho wata-wata maimakon wata uku-uku da aka gada ta daɗe a bakin ƴan ƙwadago, kuma gaskiya tana da amfani, don mai jiran wata uku kafin kuɗin su zo mai shago da mai bashi da ruwa sun riga sun raba su. Amma kar a ruɗe, raba jika 90 ta wata uku gida uku bai mai da ita jika 100 ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne a ɗaure fansho da tsadar rayuwa, in farashi ya tashi shi ma a duba shi. Kuma akwai madogara, Nijar ta sa hannu tun 1966 a yarjejeniya mai lamba 102 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya OIT, har da sashen tsufa, kuma yarjejeniyar ta ce a riƙa sake duba kuɗin fansho in tsadar rayuwa ta canja sosai. Wanda ya yi ritaya kafin 1994, ko kafin tashin farashin shinkafa da magani da ya biyo bayan rufe iyakoki a 2023, shi ya san abin da ake nufi. Tsofaffin sojan Faransa na garin nan ma sun ɗanɗana irinta, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, sai a 2011 aka gama daidaita su da takwarorinsu na can, lokacin yawancinsu suna kabari.

Akwai masu cewa duk wannan surutun na ƴan tsiraru ne, tunda mafi yawan mutanen jihar nan manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su da FNR ba su da CNSS, fanshonsu ƴaƴansu ne. Gaskiya ne, kuma duk sandikar da ke neman a ƙara wa asusun fansho kuɗi daga baitulmali ta san harajin mai sayar da goro a Zango ma yana ciki. Amma wannan hujja ce ta a faɗaɗa rumfar ta kai ga ɗan kabu-kabu da tela da maƙeri, ba hujjar a bar wanda aka cire wa kuɗi shekara 30 yana yawo da dosiye a leda ba. Haka maganar ɗaga shekarun ritaya zuwa 62, matasa na cewa tsofaffi sun ƙi tashi su ba su wuri, tsofaffi na cewa shekara biyun nan kashi 4 ce a fansho kuma yaransu ba su kama aiki ba balle su huta, kowa da gaskiyarsa, kuma sandika ɗaya ce ke wakiltar su duka biyun.

Abin da nake ganin zai yiwu ba tare da an jira wata sabuwar doka ba shi ne kowace babbar ƙungiya ta buɗe reshen ƴan ritaya na gaske, da ɗan kuɗin ƙungiya kaɗan da ƙuri'a a kongire, kuma in za a shiga tattaunawa da gwamnati a tafi da mutum ɗaya daga cikinsu ya zauna a teburin. Ba don ado ba, don in aka ajiye tayin firim na jika 20 a samu wanda zai ce kamarad dakata, nawa ne a ciki zai shiga tushe. Wasu sakatarorin ba za su so ba, don dattijon da ya koyar da kai a CM2 in ya miƙe a taro ya ce ba ka yi daidai ba da wuya ka katse shi, kuma yarjejeniyar da aka saba gamawa a dare ɗaya za ta iya kai mako.